Hutun amarci a bakin teku: a zaɓi gaɓa kafin a zaɓi otal

Shekaru kaɗan da suka wuce, in aka ce wa dattijo a New Bell ango zai ɗauki amaryarsa su je bakin teku su kwana uku, tambayar da zai fara yi ita ce ko wani ne ba shi da lafiya a can. Yau maganar ta shigo gidajenmu. Samarinmu da ke aiki a masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya na Bassa, da 'yan kasuwar Marché Central da Congo da Nkololoun, har da abokan aikina malaman makaranta, da zarar an sa rana sai ka ji ana zancen "lune de miel". Wayar amarya cike take da hotunan Zanzibar da Maldibs: farin yashi, ruwa garai-garai, ɗaki a kan ruwa. Shi kuma ango yana lissafin adashin da zai ɗauka.

Ina cikin masu ganin tafiyar tana da kyau, kuma mu nan Duwala mun fi kowa bukatarta. Amma yadda muke shirya ta ne ban yarda da shi ba. Muna fara zaɓen otal daga hoto, sannan mu tambayi ina yake. Kamata ya yi a juya abin. A fara zaɓen yankin gaɓar da za a sauka, bisa abin da Musulmi biyu sababbin aure suke bukata, sannan a nemi masauki a cikinsa daidai ƙarfin aljihu.

Me ya sa na ce muna bukatarta? Kowa ya san yadda gidajen hayarmu suke. Ɗaki da falo in an yi sa'a, tsakar gida ɗaya da iyalai biyar ko shida, banɗaki na haɗaka, bango kamar takarda. Amarya ta tare, 'yan ganin ɗaki ba sa yankewa, ƙannen ango suna shiga suna fita, maƙwabciya tana lissafin sau nawa aka ɗebo ruwa. Shari'a ta ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, kuma al'adarmu ta ɗauki waɗannan kwanaki a matsayin na sabo da juna. To a irin wannan gida ina sabon yake? Sau da yawa ranar ta huɗu ango ya koma bakin aiki, ya bi cunkoson Ndokoti da asuba, ya dawo bayan isha'i a gajiye. Mutum biyu da ba su taɓa yin hirar awa biyu ba tare da ɗan rakiya ba, an haɗa su an ce su zauna har abada, kuma ba a ba su ko wuni ɗaya na kansu ba. Saboda haka in dattijo ya ce wannan al'adar nasara ce, amsata cikin ladabi ita ce: Baba, sunan ne nasu, amma kwanakin amarya namu ne tun fil azal. Wurin yin su ne ya ƙuntata.

Sai dai kwanakin da ma'aikaci yake da su ƙidayayyu ne. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba ma'aikaci izinin rashin zuwa aiki da albashinsa saboda sha'anin iyali, amma duka-duka bai wuce kwana 10 a shekara ba, kuma aure wani ɓangare kawai yake samu a ciki. Ɗaurin aure da walima da kai amarya sun riga sun cinye wasu. Kuɗin ma haka. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba sefa dubu 60 ne a wata. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane tsibiri da aka gani a waya.

Mu ɗauki Zanzibar, tunda ita ce a bakin kowa. Daga Duwala sai an bi ta Adis Ababa ko Nairobi, wato kusan wuni guda a tafi, wuni guda a dawo. Tun watan Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar dole ta dala 44 kafin ya shiga. Mutum biyu dala 88 ke nan, wajen sefa dubu 50, kusan albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma ba a zo maganar fasfo da biza da tikiti da ɗaki ba. Wanda Allah ya hore wa, ba ni da ta cewa. Amma ko shi ma zai tarar da abin da nake faɗa. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, ana jin kiran salla ko'ina, amma wannan bai sa kowace gaɓa ta dace da matarka ba. A arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa da nisa, shi ya sa Turawa suka fi cika can, da mashaya da kiɗan dare. A gabas, Paje da Jambiani, an fi samun sarari, amma in teku ta janye sai ka yi tafiya mai nisa a kan tsakuwa da ciyawar ruwa kafin ka taɓa ruwan da ka gani a hoto. Daga Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai ƙarfi. Maldibs ma haka take: tsibiran da aka keɓe wa manyan otal-otal ana sayar da giya a cikinsu, tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune ba a sayarwa, kuma tun 2009 aka ba su damar buɗe ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi. Ƙasa ɗaya ce, amma wanda ya sauka a wannan tsibiri da wanda ya sauka a wancan ba hutu iri ɗaya suka yi ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

In tsibiri ake nema ido rufe, muna da su a kusa. Manoka, tsibiri mafi girma a Kamaru, yana cikin Duwala ta 6, ana shiga kwalekwale mai inji daga Youpwé. Wuri ne na masunta da dajin itatuwan ruwa, ya dace da yawon wuni ɗaya ga wanda ya tabbatar an ba shi rigar kariya kafin a tashi. Ban ga dalilin kai amarya ta kwana can ba. Akwai Bioko, inda Malabo take, jirgi bai fi kamar rabin awa ba daga nan, kuɗinsu sefa ne irin namu. Tun 2017 ƙasashen CEMAC suka amince 'yan yankin masu fasfo na zamani su shiga ba biza, amma duk mai niyya ya tabbatar da abin da ake nema a lokacin tafiyarsa kafin ya sayi tikiti. Malabo gari ne mai tsada, harshensu Sifaniyanci, kuma galibin gaɓarsu baƙin dutse ne da baƙin yashi, sai 'yan wurare irin Arena Blanca ta wajen Luba.

Gaskiyar magana, ga yawancinmu zaɓin yana tsakanin Limbe da Kribi ne, kuma babu abin kunya a ciki. Mutane suna biyan kuɗin jirgi daga Faransa su zo su ga abin da ke bayan gidanmu.

Limbe ta fi kusa, kamar kilomita 70 ta gadar Wouri, Bonaberi, Tiko da Mutengene. Yashinta baƙi ne saboda aman wutar Dutsen Kamaru, ga lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, wuri mai inuwa da natsuwa da ma'aurata za su yi yawo ba mai kallonsu. Ranar da gari ya washe ana hango dutsen Bioko daga gaɓa. Down Beach ta cikin gari wurin gasasshen kifi ne da hayaniya, masu son wanka sukan wuce ta hanyar Idenau zuwa Mile 6 ko gaba. Amma abu biyu dole a lura da su. Na farko ruwan sama. Debundscha da ke kan wannan hanyar tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duniya, kusan milimita 10,000 a shekara. Wanda ya kai amarya Limbe a Yuli ko Agusta, ɗaki zai biya ya zauna yana kallon ruwa ta taga. Na biyu tsaro. Tun 2017 ranar Litinin ta zama ranar zaman gida a wurare da yawa na yankunan masu Turancin Ingilishi. Limbe ta fi maƙwabtanta kwanciyar hankali, amma hanya ake bi kafin a kai. Kada a yi tafiyar dare, kada a sa tafiya ko dawowa ranar Litinin, kuma a tambayi wanda ke zaune can halin da ake ciki a makon.

Kribi ta fi nisa, wajen kilomita 170 ta Yassa, gadar Dibamba da Edeya, awa uku ko fiye gwargwadon hanya. Ni ita nake ba shawara, amma da sharaɗi, domin Kribi ba gaɓa ɗaya ba ce. Tsakiyar gari, daga Ngoye zuwa tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, nan ne kowa yake sauka. Akwai masallatai, akwai kasuwa, akwai 'yan'uwanmu masu suya da mahauta, akwai wurin sauke kifi na Mboa Manga inda za ka zaɓi kifinka a gasa maka. Amma ranar Asabar da Lahadi gaɓar Ngoye takan cika da 'yan Duwala da Yawunde, da kwalabe da manyan lasifika da shigar da ba za ka so ka zauna da matarka a tsakiyarta ba. Arewa da gari, ta wajen Mpalla da Londji, ƙauyukan masunta ne, mutane sun fi ƙaranci. Kudu kuma, ta Bwambe zuwa Lobe da Grand Batanga, nan ne dogon yashi da itatuwan kwakwa, kuma nan ne kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kamar kilomita 7 daga gari. In ka ƙara gaba za ka shiga yankin babbar tashar jiragen ruwa ta Mboro da ta fara aiki a 2018, da manyan motocinta. Can gaba ta hanyar Campo akwai Ebodje, ƙauyen da kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai, wuri shiru amma nesa da asibiti da kasuwa.

To a nan ne ma'aurata za su zauna su yi shawara, kuma na ce ma'aurata, ba ango da abokansa ba. Amarya ce za ta fi jin daɗi ko takura. In ita mai son ta ga gari ce, ta ci kifi, ta yi sallar Juma'a a cikin jama'a, a sauka kusa da gari amma a zo tsakiyar mako. In abin da take so shi ne ta taka ruwa da ƙafarta ba idon kowa a kanta, a nufi Lobe ko Londji, a yarda cewa duk abin da za a saya sai an hau mashin. Ni da za a tambaye ni, zan ce a sauka kudu kaɗan da gari, inda mashin zai kai mutum masallaci cikin minti goma sha biyar, a iso ranar Litinin ko Talata, a bar garin kafin Asabar.

Lokaci ma yanki ne na zaɓin. Aurarrakinmu sun fi yawa bayan salla da lokacin hutun makaranta. Ƙarshen Disamba rani ne mai kyau a Kribi, amma lokacin bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara ne, ɗakuna suna tsada, gaɓa tana cika maƙil. Tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu yanayin bai canza ba, jama'ar sun watse. Satumba da Oktoba su ne tsakiyar ruwan Kribi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a watan Yuli, lokacin da Duwala take nutsewa, ruwa yakan ɗan lafa a Kribi. Kuma ba dole ba ne a tafi washegarin biki. A bari a yi buɗar kai, a zaga gaisuwar surukai, dangin da suka zo daga Garwa da Ngawundere su koma. Tafiyar da aka yi bayan wata guda da yardar iyaye ta fi wadda aka yi da gaggawa aka bar gunaguni a gida.

Sai a zo kan masauki. Iri uku ne: babban otal a bakin ruwa, ƙaramin masauki, da gidan haya mai kayan ɗaki da muke kira meublé. Yawan taurarin otal ba ya amsa tambayoyinmu. Kafin ka biya, ka kira ka tambaya: ɗakin yana kusa da mashaya ne ko nesa? Ana kiɗa da dare, kuma har ƙarfe nawa? In za a fita zuwa gaɓa, sai an ratsa ta wurin shan giya ko akwai wata ƙofa? Akwai janareta, kuma yana kwana yana aiki? Ruwan famfo na tsayawa? Akwai gidan sauro ko raga a taga? Banɗakin na cikin ɗaki ne? Mai masaukin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kwana-kwana, ya riga ya ba ka amsa.

Ga ma'auratan da kuɗinsu ke da iyaka, na fi son meublé mai kicin. Ka sayo kifi da jatan lande ɗanye daga masunta, ku dafa da kanku, ba ruwanku da tunanin ko an gasa naman alade a kan wayar gashin nan, ko an zuba giya a miya. Abincin teku halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, matsalar tana wajen girki ne. In a waje za a ci, a tsaya a ga wutar da za a gasa a kai, a faɗa wa mai gashin abin da ba a so. Kuma ango, ka shiga kicin ɗin nan kai ma. Ba ka ɗauko 'yar mutane daga New Bell don ta canza murhu kawai ba.

Hattara da kuɗin kafin alƙalami. Shafukan Facebook da WhatsApp cike suke da hotunan gidajen da ko dai ba su wanzu ba, ko ba na mai tallan ba ne. Kada ka tura kuɗi ta waya ga wanda ba ka da wanda ya san shi. A cikinmu akwai direbobin da ke zuwa tashar Kribi kowane mako, akwai 'yan kasuwa masu dangi a can. Ka roƙi ɗaya ya leƙa ya gano maka da idonsa, ko ka sa mai gidan ya kira ka ta bidiyo ya zaga da kai ɗakin da hanyar gaɓa. In ba haka ba, ka biya kwana ɗaya in ka isa, in ya yi maka ka ƙara.

Ibada ba ta da wuya a can. A Kribi teku tana yamma, rana a cikinta take faɗuwa. In ka ba teku baya ka karkata hagu, ka fuskanci arewa maso gabas, ka kama hanyar alƙibla, sai ka tabbatar da wayarka. Ku tafi da darduma biyu da buta, kada ku sa rai za ku tarar. Nisan Kribi ya wuce tazarar ƙasaru da malamanmu suke ƙiyastawa da kamar kilomita 80, kuma a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika salla. Limbe kuwa tana kan gaɓar lissafin ne, don haka a tambayi malami kafin a tashi. Mafi daɗin lokacin gaɓa ma shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi: masunta ne kawai a waje, masu kwanan mashaya suna barci, yashi da iska naku ne ku biyu.

Maganar da ba na so a ɗauka da wasa ita ce ruwan kansa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, musamman mata. Tekun Atilantika ba rafin ƙauye ba ce, tana da igiyar ƙasa mai jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma galibin gaɓar nan ba mai tsaron masu wanka. Doguwar riga da hijabi in suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Kada a wuce gwiwa, kada a shiga da dare, kada a hau duwatsun Lobe masu santsi don ɗaukar hoto, kuma a tambayi masunta inda ruwa ke ja. In za a shiga kwalekwale a kogin Lobe, a nemi rigar kariya. Iya ruwa fid da kai, in ji Bahaushe, wanda bai iya ba kuwa tsayawa bakin gaɓa shi ne iyawarsa. A riƙe katin shaida a jiki saboda shingayen hanya, a bar wa wani a gida sunan masaukin da lambar wayarsu.

Na san akwai masu cewa da kuɗin nan gara a tara a je Umra. Wanda zai iya, ya je, babu abin da ya kai ta. Amma kwana uku a Kribi da Umrar mutum biyu ba a sahu ɗaya suke ba wajen kuɗi, ɗaya ba ta hana ɗaya. Akwai kuma masu cewa bakin teku wurin tsiraici ne, mai mutunci ba ya zuwa. Rabin maganarsu gaskiya ce, shi ya sa na dage a kan zaɓen gaɓa da rana da sa'a. Wanda ya duba ya ga zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko amaryarsa ba ta so, ƙasar nan da faɗi take. Ga Fumban da fadar da Sarki Njoya ya gina, ga sanyin Ngawundere ga mai son jirgin ƙasa. Abin da ake nema shi ne kwanakin da ba kowa sai su biyu.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne bashi. Ango ya riga ya sha sadaki da lefe da kuɗin haya na watanni, iyayen amarya sun sha kayan ɗaki. In aka ɗora bashin tafiya a kai, watan uku na aure zai zo da mai bin kuɗi a bakin ƙofa, kuma amaryar da aka kai yawon ita za a fara yi wa tsawa a kan kuɗin cefane. Ma'aunina mai sauƙi ne: duk tafiyar, da mota da ɗaki da abinci, kada ta wuce abin da ka riga ka ajiye bayan ka biya haya ka sa abincin wata a gida. In kwana biyu kuɗin ya isa, a yi biyu. In bai isa ba bana, teku tana nan baɗi. Mu kuma abokan ango, maimakon ankon da za a sa sau ɗaya da jerin motocin da za su toshe titi, mu haɗa musu kuɗin ɗakin kwana biyu. A makaranta nakan ga yaran da rikicin gida ya hana su karatu, kuma sau da yawa in ka bi diddigi, iyayen ba su taɓa samun zama su fahimci juna ba tun farko. Kwana uku ba sa gyara aure, amma suna ba shi wurin farawa.

Allah ya ba angwaye da amarenmu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.